Kunnen 'Yar'azumi

Tana kan tari na huɗu shayin ya huce daidai sha. Haka take yi kullum. In ta idar da sallar asuba sai ta jawo 'yar kujerarta bakin ƙofar zaure ta ciki, ta ajiye kofi kusa da ƙafarta, ta riƙe carbi, ta kasa kunne unguwa tana farkawa. Wasu tsofaffin kukan tsuntsaye suke saurare a wannan lokacin, wasu rediyo. Ita 'Yar'azumi tari take saurare.

Na farko na maigidan da ke bayan katanga ne, tarin taba, mai nauyi kamar ana jan buhu a kan daɓe. Na biyu na matar mai ƙosai, hayaƙin ɗanyen itace ne, da wuta ta kama zai wuce. Na uku wata yarinya ce ta sha ruwan randa da garaje ta ƙware. Na huɗu nata ne. Busasshe, gajere, yana fitowa a jere kamar awaki daga garke, sannan ya tsaya ya bar mata ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta saurare shi kamar na baƙo, ta yanke masa hukuncin da take yanke masa kwana goma ke nan: sanyin ruwa ne. Ba shi da shiƙa a ƙarshe.

Ba ta yi boko ba, ba ta kuma ba da magani. Amma a wannan ɓangaren na Haɗeja in yaro ya kwana uku yana tari, uwarsa takan goyo shi ta zo ta ce, “Inna, ki ji mana.” Sai ta ɗora shi a cinya ta jira. In ya yi, takan ce a ba shi ruwan ɗumi a rufe masa ƙirji, ko kuwa ta miƙa shi da sauri ta ce, “Asibiti, yau ba gobe ba.” Abu ɗaya take jira, wannan dogon jan numfashi mai ƙara da yaro ke yi bayan tari ya kwashe masa iska duka, kamar an ja ƙyauren langalanga mai tsatsa. Shi ne shiƙar. In ta ji shi, tarin shiƙa ne. In ba ta ji ba, wani abu ne daban. Shekara arba'in da wani abu tana kan wannan, mutane kuwa ba su tuna ranar da ta ba su kunya ba.

Ba a banza ta samu kunnen ba. A wata 'yar ƙauye kusa da Baturiya aka haife ta, cikin watan azumi, gidan masunta, inda ruwa yakan zo har bakin darni kowace damina ya gaishe su ya koma. Aka aurar da ita ga Mala Fannami, mai fataucin busasshen kifi, wanda kakanninsa suka taso daga wajen tafkin Chadi. Ɗansu na fari Isa yana da shekara ɗaya da rabi tarin ya shigo ƙauyen. A lokacin allurar rigakafi labarinta kawai suke ji a bakin fatake. An ba shi nonon jaki, an yi rubutu an wanke, an yi turare. Kwana talatin da huɗu tana jin wannan ƙarar a bayanta, inda take goye da shi, har ranar da ta daina ji. Ba ta cika ba da labarin ba. In an tambaye ta takan ce, “Isa ne malamina,” ta kawo wani zancen.

Bayan nan suka dawo Haɗeja. Ta haifi biyar, duk ta kai su layin allura tun kafin ma'aikata su buɗe ƙofa, duk suka rayu. Ta koyi wankan jarirai a wurin wata tsohuwar ungozoma, har ya zama ba a haihuwa a danginsu ko a layinsu a ce ba hannunta ne ya fara zuba wa jaririn ruwa ba. In ta gama takan naɗe shi a zani, ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta tofa masa a ka da fuska sau uku. Mala ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata gida mai ɗaki uku da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ba ta da ƙorafi a kan rayuwarta. Yanzu ma autarta Amira ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari, watanta ya tsaya. An tara itace a gindin darbejiya, an wanke babbar tukunyar wanka an kife.

A daminar da ta wuce ruwa ya yi yawa. Ya cinye gonakin shinkafa, ya yanke hanyoyin ƙauyukan da ke wajen Guri, masu allura suka yi watanni ba su isa can ba. Da ruwa ya fara ja sai tari ya tashi a cikin yara. Mansura, 'yar ƙanwar 'Yar'azumi, tana aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a garin, tana kuma cikin waɗanda aka tura su ɗebo abin gwaji: siririn tsinke mai auduga a kai, a zura shi can cikin hancin yaro, a sa a kwalba, a rufe a akwatin sanyi, a aika Kano. Matan ƙauye suka ce ba wanda zai sa wa 'ya'yansu tsinke a hanci. Sai Mansura ta zo ta durƙusa.

“Inna, ke suka sani. In sun ga yaro a cinyarki za su yarda.”

Sau biyar ta bi su. Ta shiga kwalekwale bayan shekaru, ta ji yadda yake kwanciya gefe in an taka shi, ƙafarta ta tuna kafin kanta ya tuna. Suka ratsa ta cikin ciyawar kacalla da ta toshe rabin kogin, balbelu na tashi farare a gabansu, ƙamshin laka da kifi yana shiga hanci. Ta yi farin ciki a tafiyar nan, ba ta ɓoye ba. A kowane gida takan zauna a tabarma, ta karɓi yaro, ta riƙe masa kai a ƙirjinta tana yi masa waƙa, Mansura ta yi aikinta. Yaran suna tari a fuskarta, tana share wa da gefen mayafi. An ba ta takunkumin rufe hanci, ta ce yara tsoronsa suke ji, ta cusa a lalita.

A hanyar dawowa wata rana ta tambaya.

“Ke 'yar nan, ciwon da na san sunansa tun ba a haifi uwarki ba, me kuke nema a Kano da ba ku sani ba?”

“Sunan ne bai sake ba, Inna. Ƙwayar cutar kuwa tana haihuwa, 'ya'yanta su haihu, kuma kowace tana ɗauke da wani rubutu a cikinta da ta gada. Wajen kwafe rubutun nan wani lokaci harafi ɗaya yakan sauya. Yawanci ba ya komai. Amma in annoba ta tashi, ta bi ta jikin yara da yawa, sauyin da ya taimake ta shi ke yaɗuwa. A wasu ƙasashen an samu wadda ta yar da wata alama da allura ke gane ta da ita. A wasu an samu wadda magani ya daina yi mata. Tamu ba mu sani ba tukuna. Shi ya sa muke karantawa.”

'Yar'azumi ta kalli mai tuƙi yana kafa gora. Can ta ce, “Babana yana da raga mai manyan idanu. Shekara da shekaru yana kama manya, ƙanana suna zillewa. Kafin ya rasu yana ta mita wai kifin kududdufinmu ya ƙanƙance. Ashe waɗanda suka zille ne suka haihu.”

Mansura ta yi dariya har akwatin sanyin ya kusa zamewa daga cinyarta. “Wallahi da ke aka tura taron da muka yi a Kano.”

“To allurar fa? Ragar ta yage ke nan?”

“A'a, tana kamawa sosai. Kin ga ai inda ba ta isa ba ne ciwon ya fi ƙarfi. So muke mu san girman kifin tun kafin ya fara zillewa.”

Wannan duka ta yarda da shi. Inda suka saɓa shi ne gidajen da ta saurari tarin ta ce ba shi ba ne, Mansura kuwa ta ce sai ta ɗiba. Ta ga ɓarnar auduga ce kawai, amma ba ta hana ba.

A safiyar da muke magana, ranar Alhamis, tana shan shayin nan Mansura ta yi sallama, za ta wuce aiki ta biyo duba Amira. Suna cikin gaisawa tarin ya zo. Mansura ta tsaya da gaisuwar a baki, ta jira ya ƙare.

“Tun yaushe?”

“Sanyi ne. Wa ya ce tsohuwa ta shiga ruwa?”

“Inna, tun yaushe?”

“Kwana goma. Kada ki kalle ni haka, na saurare shi da kaina. Ba shiƙa.”

“Manya ba su cika yin shiƙa ba. Jikin babba yana da sauran tunawa da ciwon, sai ya zo masa a ɓoye, tari kawai mai daɗewa. Jarirai sababbin haihuwa ma ba sa yi, su numfashi kawai suke ɗaukewa. Gidajen nan da kika ce ba shi ba ne, rabinsu shi ne.”

Maganar ta ƙarshe ta zauna mata a ƙirji, amma ta ce, “Yau kuma ni za ki koya wa tari?”

Ta yarda aka zura mata tsinken, don ba za ta ƙi abin da ta sa matan ƙauye suka yarda da shi ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ashe yaran nan suna da gaskiya da suke ihu. Mansura ta karɓo ƙwayoyi daga wurin likita, na kwana biyar, nata da na Amira, ta ce in an gama sha mutum ba ya ƙara yaɗawa ko da tarin bai tafi ba. Amira ta haɗiye nata nan take. 'Yar'azumi ta ce to, ta ɗora nata a kan kabat, bayan kwanon tasa. Ba za ta sha magani a kan ciwon da kunnenta ya ce ba ta da shi ba.

Litinin da hantsi naƙuda ta tashi. Aka sa Amira a a-daidaita-sahu tare da Yakaka, maƙwabciyarsu kuma ƙawar 'Yar'azumi tun zuwanta garin, mace mai jiki da baki. Ita 'Yar'azumi ta tsaya ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, da nufin ta bi su. Tana tsinko ganyen darbejiya Mansura ta shigo, ba ta zauna ba.

“Sakamakon ya fito. Shi ne.”

'Yar'azumi ta ci gaba da tsinkar ganye har hannunta ya cika.

“Amma ba komai,” in ji Mansura. “Yau kike gama maganin ai. Alhamis, Juma'a…”

Sai ta ga fuskar innarta, ta daina ƙirge. Ta shiga ɗaki, ta fito da ledar ƙwayoyin ba a ɓare ko ɗaya ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi sauƙi.

“In ya kama jariri ɗan kwana ɗaya fa?” 'Yar'azumi ta tambaya, ko da yake ta fi kowa sanin amsar.

“Ba a fara yi masa allurar sai ya yi sati shida. Kafin nan ba shi da kowa sai mu.”

'Yar'azumi ta kalli tukunyar, ruwan ya fara ƙananan ƙwayaye a gefe. Ta tuna yadda take yi: ɗan a tafin hannunta, fuskarsa kamu ɗaya da bakinta, ta tofa sau uku. Addu'a za ta tofa masa, abin da ya ɗauke Isa ya bi addu'ar ya shiga. Ta zauna a kan turmi. Da ta sha tun Alhamis, da yau tana asibiti a bakin ƙofa da zani a hannu. Ba wanda ya yi mata wannan sai kunnen da take alfahari da shi.

“Ba ni ruwa,” ta ce.

Ta haɗiye ƙwayar farko. Ta shiga ta ɗaure kayanta a ɗankwali, kala biyu da carbi da kofin shayi. Ta rage wutar yadda ruwan ba zai ƙone ba, ta buɗe tagogi, ta bar gidanta kafin a dawo da jikanta cikinsa. Suna kan hanyar gidan Mansura waya ta yi ƙara: namiji ne, uwa da ɗa lafiya.

Kwana biyar ɗin ba su yi mata ɗaci yadda ta zata ba. Mansura ta ware mata ɗaki mai taga a kan titi. Kullum da la'asar Yakaka takan zo ta tsaya a waje, nesa da tagar kamar mai bin layin gaisuwar sarauta, ta kawo rahoto.

“Angon naki ya ce in gaya miki ya yi sabuwar budurwa. Ya ce hannuna ya fi laushi.”

“Hannun da ke daka barkono? Kin dai gwada ruwan da gwiwar hannu?”

“Ji ta. 'Ya'ya bakwai na wanke kafin in san ki.”

“Shi ya sa duk suka fito da kai kamar ƙwarya. Ki dinga dafa masa ƙeya in za ki ɗaga shi. Kunun kanwar Amira kuma kada ki cika tsami.”

“Mai ciwo ba ta ba da umarni. Tofin fa, in yi masa ko in bar miki?”

'Yar'azumi ta ce, “Ki karanta a zuci. Kada ki hura.”

Ran Laraba Mansura ta dawo da kwamfuta, ta ajiye a kan kujera ta ja baya. An gama karanta kwalaben farko da suka ɗebo wata guda da ya wuce. A fuskar gilashin akwai wani zane kamar bishiya a kwance, rassa na fita daga rassa, kowane da lamba a bakinsa.

“Dangantakarsu ce,” in ji Mansura. “Waɗannan na can sama tsofaffi ne, an adana su tun shekarun baya. Waɗannan da suka taru wuri ɗaya na yaran da kika riƙe ne. Kin ga sun ɗan ware daga tsofaffin, haruffa kaɗan. Amma maganin da kike sha yana kashe su, ba a ga alamar gardama ba.”

'Yar'azumi ta matso da fuskarta. Ta ga ya yi kama da kogin da kansa in an hango shi daga tudu bayan damina, ya rabu nan, ya sake rabuwa can, wani reshen ya ƙafe, wani ya ci gaba.

“Wanda ya zo mana Baturiya yana ina?”

“Ba wanda ya ɗebi nasa a lokacin. Amma zai zama can baya, wajen gindin.”

Ta ɗora yatsa a gindin bishiyar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, “Nawa fa?”

“In an karanta shi zai shiga nan, kusa da na yaran.”

“To madalla. Ban shiga makaranta ba, tarina ya shiga.”

A safiyoyin nan ma ba ta bar al'adarta ba, sai dai yanzu nata take saurare da gaske. Ta lura da yadda yake zuwa a jere ba ya ba da fili, da yadda ba ya kawo majina, da ɗan shirun da ke biyo baya inda shiƙar ya kamata ta kasance, mutum ya haɗiye yawu, idonsa ya yi ja. Ta riƙe wannan shirun kamar yadda ta riƙe ƙarar shekara arba'in.

Ta gama maganin ran Juma'a. Asabar da safe ta koma gida, ta wanke hannu har gwiwa, Amira ta miƙo mata shi. Ba shi da nauyi, yana ƙamshin sabulu da nono. Ta duba ƙeyar, ta duba cibi, ta ce Yakaka ba ta yi laifi sosai ba. Ta karanta abin da ta saba karantawa, leɓɓanta na motsi, da ta zo wurin tofi sai ta shafa masa tafin hannu a ka. Mansura ta ce mata ai yanzu ba komai. Ta ce ta sani.

Ranar suna aka raɗa masa Abdulmuhaimin. Kafin azahar ɗakin mai jego ya cika da mata, turaren wuta da turaren jiki sun haɗu, ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya har ya dawo wurin kakarsa. Tana jijjiga shi tana amsa barka, sai ta ji shi daga tsakar gida, a ƙarƙashin hayaniya da ƙarar tukwane. Busasshe, a jere, shida ko bakwai, sannan shiru.

Mai tarin ta ɗaga labule. Hajiya Sakinatu ce, yayar uban jaririn, ta taso tun daga Miga da akwatin kaya a bayanta, tana share ido da gefen gyale tana dariya.

“Ina ɗan namu? Ku ba ni shi in gani ko ya ɗauko hancin gidanmu.”

Ɗakin ya buɗa mata hanya. Ba a hana gwaggo ɗaukar ɗa ranar suna, balle a ce dangin uwa ne suka hana. 'Yar'azumi ta san abin da za a faɗa a Miga kafin magariba. Ta juya ta ɗora Abdulmuhaimin a cinyar uwarsa, ta ja masa zani ya rufe fuska, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta tare baƙuwar tun ba ta wuce bakin gado ba, ta kama hannunta biyu kamar mai tsananin murna.

“Hajiya, sannu da hanya. Hancin naku ne, na duba, ba inda zai je. Tun yaushe kike wannan tarin?”

“Wannan? Ƙurar mota ce. Sati biyu dai yana damuna, amma ba komai ba ne.”

“Haka na ce da nawa. Zo mu sha iska a gindin darbejiya in ba ki labarin yadda aka kore ni daga gidana kwana biyar. 'Yata Mansura tana nan, tana da wani ɗan tsinke da za ta nuna miki.”

Yakaka ta ce daga lungu, “Ki bi ta, Hajiya. In ba haka ba ni za ta sa in fitar da ke, ni kuwa ba ni da ladabi.”

Aka yi dariya, har da Hajiya Sakinatu, ko da yake ba ta gama gane abin da ake ciki ba. 'Yar'azumi ta saƙala hannunta a nata, ta ɗaga labulen da ɗaya hannun, ta fita da ita.